Kwana Ukun Iya Ladi

Ranar Talata ce, cikin kaka. Ƙarfe bakwai na ɗaura wa shanuna amalanke, zan je kwaso damman gero. Na haɗu da Madam Anyes, unguwarzomar garinmu, 'yar Katolika, ɗauke da bokitin ruwan ɗumi. Kowace safiya sai ta je ta wanke Iya Ladi, wata tsohuwa da rabin jikinta ya mutu, ba ɗa ba jika. Ni kuwa bakina ba ya zama. Na ce tana ɓarnar sabulu. Ta yi dariya, ta ce ran Iya Ladi da na jaririn da ta karɓa jiya Allah ɗaya ya ba da su, ba wanda ya fi wani.

Bakwai da rabi muka ji ƙarar moto, baburan 'yan bindiga, daga dajin kudu, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi. Wani ya ƙwala ihu: "Ku fita! Ku yi arewa!"

Mata da yara suka cika amalanke. Madam Anyes ta hau a ƙarshe, rungume da jaririn. Har na ɗaga sanda, ta ce Iya Ladi fa? Ni na amsa. Na ce ba wuri, ita tata ta riga ta ƙare. Kowa ya ji ni.

Ta miƙa jaririn ga uwarsa, ta sauka da gudu. Ta dawo goye da tsohuwar, ta kwantar da ita a wurin da ita kanta ta tashi cikin amalanken. Shanu ba za su ja ƙari ba.

Ta ce mini: "Tafi!"

Ta biyo mu a ƙasa.

Ƙarfe takwas muna tsakiyar gonaki. Ina jin takalmanta na roba a bayana, fat, fat. Aka yi harbi uku. Daga nan sai kukan ƙafar amalanke kawai. Ban waiwaya ba.

Da azahar muka kai bakin tabkin Madarumfa, ba Madam Anyes. Iya Ladi ta kwana uku. Ni na riƙa ba ta koko da cokali, tana tambayata ina mai sabulu. Ranar Juma'a ta cika.

Har yau in na kora shanu ina jin takalman nan a bayana. Nakan ƙirga: Laraba, Alhamis, Juma'a. Madam Anyes shekararta talatin da huɗu.