Kurɓin Ruwa a Bahar Maliya

A shekarun da mahaifinmu yake akawu a ofishin gwamnati a Kaduna, muna zaune a Unguwar Kanawa, gidanmu yakan rabu biyu da zarar an idar da sallar isha'i. Baba yakan shige ɗaki da rediyonsa ya ji abin da Turawa suka yanke game da duniya. Mu kuma, ni da ƙanwata Ladi da yaran maƙwabta, mukan kewaye murhun da aka sauke tuwo, inda kakarmu Hajja take gasa ƙafafunta a sauran garwashi. Hajja da ƙafa ta yi aikin hajji, ta dawo da haƙora kaɗan da labarai masu yawa. Galibinsu na dariya ne. Akwai guda ɗaya da ba ta cika yi ba, kuma ko mu yara mun san matar da ke cikinsa ita ce, mun dai san ba a faɗa.

"Ga wata nan tana sallama," in ji ta.

"Ta shigo mu gan ta!"

"To ka matsa, mijin banza, ka tare mini wuta. Ko sisin cefane ba ka bayarwa sai cin wuri," in ji ta, tana tsokanata.

Wai an yi wani ayarin mahajjata da suka yi shekara da shekaru a hanya, suna tafe suna tsayawa ƙwadago a gonakin auduga na Sudan, har suka kai bakin Bahar Maliya. Ba su da takardun shiga babban jirgi, sai suka yi ciniki da wasu Larabawa masu jirgin katako, irin wanda ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura shi. A cikin ayarin akwai wata mata da mijinta da goyonta. Kuɗinsu bai kai na mutum biyu ba, don haka aka ɗauke ta a matsayin mai dafa wa matuƙa abinci.

Madugun ayarin ba wawa ba ne, Hajja takan nanata wannan. Ya ratsa daji da rairayi da mutanen nan bai yar da ko jaki ba. Guzuri kuwa ya haɗa shi yadda kowane Bahaushe mai hankali zai haɗa: gumba, kilishi, ƙuli-ƙuli, dakuwa, abin da ba ya lalacewa ko za a shekara. Da aka zo lodi mai jirgi ya ce kaya sun yi nauyi, a rage. Madugu ya dubi buhunan abinci, ya dubi salkunan ruwa, ya ce a bar rabin salkuna.

Wani dattijo ya ce ya ɗanɗani ruwan nan, gishiri ne zalla.

"Bakin gaɓa ne," in ji Madugu. "Ka manta Tafkin Chadi? Gefe kanwa, tsakiya kuwa ka sha har ka yi gyatsa. Wa ya taɓa zama a kan ruwa ya mutu da ƙishirwa?"

Kowa ya ga gaskiyarsa, domin kowa ya ga Chadi da idonsa. Mai jirgi ya yi ta surutu da Larabcinsa yana nuna salkunan, aka ɗauka ƙarin kuɗi yake nema.

Matar nan ita kaɗai ta ga yadda matuƙa suke yin nasu guzurin, kuma ya ba ta dariya. Dabino ne, da 'yar shinkafa, da busasshen kifi, abincin da a garinmu ba za a kai wa suruki ba. Amma gangar ruwansu mai jirgi a kanta yake kwana. Safe da yamma kowane matuƙi zai zo a cika masa moɗa guda, ya shanye a tsaye a gaban ganga. Ba a tafiya da shi ko taku ɗaya. Ita ma, tunda tana cikin ma'aikata, aka sa mata moɗarta.

Sai iska ta ɗauke.

A nan Hajja takan tona garwashi. Ƙyallen jirgi ya saki jiki kamar shanya. Aka zura guga a tsakiyar da Madugu ya yi alkawari, aka ɗanɗana, aka tofar. Salkuna suka ƙare. Gumba ba ta haɗiyuwa sai an dama, kilishi da ƙuli-ƙuli kuwa yaji ne da gishiri, duk wanda yunwa ta sa ya ci sai ƙishirwarsa ta ninku. Mutane suka jingina da buhunan abinci cike maƙil suna mutuwa. Madugu ya je ya durƙusa wa mai jirgi. Mai jirgi ya nuna matuƙansa, ya nuna igiyoyi, ya ce in waɗannan suka faɗi, ko iska ta dawo ba mai kai kowa gaɓa.

Matar ta samu dabara. In ta sha moɗarta sai ta rage kurɓin ƙarshe a kumatu, ta ratsa mutane kanta a sunkuye, ta je inda mijinta yake kwance ta zuba masa a baki. Da farko faɗa ya yi mata.

"Ke, ba ki da hankali? Yaron nan me zai tsotsa?"

Amma ya sha. Da kwanaki suka ja, mai jirgi ya mai da moɗa rabi, nono ya fara ƙafewa, yaron ya daina kuka, sai dai ya buɗe baki ba sauti. Ran nan ta iso da kurɓinta, mijin ya ɗaga kai da ƙyar. Wannan karon bai yi faɗa ba.

"Don Allah, baiwar Allah," ya ce. "Don Allah."

Ladi ba ta iya haƙuri. "Hajja, ta ba shi?"

"Ta haɗiye."

"A gabansa?"

"To a bayan wa? Jirgin duka bai fi tsakar gidan nan ba."

Mijin ya sha ruwan gishiri da yammar nan, washegari aka yi masa salla aka zura shi ta gefen jirgi, shi da Madugu kusan lokaci ɗaya. Bayan haka iska ta dawo. Waɗanda suka rage suka sauka kusa da Jidda da buhunansu kusan ba a taɓa ba, matar kuma da goyonta yana numfashi.

"Ta ƙare, na ɗaure bakinta," in ji Hajja. "Kowa ya je ya yi fitsari kafin ya kwanta."

Na yi shekaru ina koyarwa, kuma kamar kowane malami na sha tilasta wa yara su rubuta darasin da ke cikin labari, a layi ɗaya, da rubutu mai kyau. Da an ba ni wannan a aji, da na rubuta cewa kada mutum ya auna baƙon wuri da abin da ya sani a gida, na karɓi makina. Hajja ba ta taɓa faɗin darasinsa ba. Ban kuma taɓa jin ta zagi Madugu ba, balle mai jirgi.

Ina yaro a bayan goyon nake, dole ne ma, tunda Baba ne, kuma da ba a haɗiye ruwan nan ba da babu ni babu Ladi. Yanzu na girmi kakan nan nawa nesa ba kusa ba, na yi jinya, na san yadda ido yake bin mai shigowa da kofi. In labarin ya faɗo mini, shi nake gani, kwance a jikin buhun gumba, yana kallon maƙogwaron matarsa ya motsa. Ina so in yarda ya gane dalili. Ranar da Hajja take da ƙarfin da za a tambaye ta ban yi wayon tambaya ba, ranar da na yi wayo kuma na ga bai kamata ba.