Jimrau Dillali da Mai Bin Sawunsa

Jimrau mutum ne da bai cika yarda da mutane ba. Iyayensa daga arewa suka gangaro shekarar da fari ya cinye musu garke, suka zauna Ajekoriya suna noman gero. Shi kuwa da ya tasa sai ya ƙi gona, ya shiga dillancin dabbobi a kasuwar Dakoro. A nan ya ga saniyar da aka ɗura wa ruwan kanwa don cikinta ya tashi, ya ga tsohuwar akuya da aka kankare wa ƙaho ta koma budurwa. Tun daga lokacin ko gaisuwa ce ta cika tsawo, sai ya fara tunanin abin da ake nema a wurinsa.

Da girma ya zo sai ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama. Matarsa Dela ta matsa masa ya je gidan likita, aka ce ciwon suga ne. Aka ɗora shi kan magani, aka ce duk wata ya zo da safe bai ci komai ba a auna jininsa.

Wata ranar awo ya tarar da wata baƙuwar yarinya a bakin ƙofa, riƙe da babbar takarda.

"Baba, sunana Ramla, daga Maradi aka turo ni. In ka yarda, yau zan bi ka duk inda ka shiga, in zana hanyar da mai ciwo irin naka yake bi."

"Ki bi ni? Mi na yi?"

"Ba ka yi komi ba. So muke mu gane inda aiki ke tsayawa."

Ya yarda, don kada a ce yana ɓoye wani abu. Amma zuciyarsa ta shiga saƙe-saƙe. Ko masu karɓar lanho, wato haraji, ne suka turo ta? Ko kuwa ciwon ne ya kai inda ba a faɗa wa mutum, sai dai a bi shi da ido?

Ya karɓi tikiti, aka tura shi awon nauyi, aka maido shi baya don takardunsa suna wani ɗaki, sannan ya zauna bakin labo, ɗakin awon jini, bayan mata masu ciki da yara masu zazzaɓi. Ko'ina ya tsaya sai ta zana ɗan akwati, ta ja kibiya. Rana ta ɗaga, hannunsa ya fara rawa. Sai ya ce zai zaga bayan gida, ya sulale ta ƙofar baya wurin Uwale mai fura, kamar yadda ya saba duk wata kafin layi ya zo kansa.

Ludayi na bakinsa ya ga Ramla tsaye a kansa.

"Baba, kullum haka kake yi?"

"Yau ɗai ne."

Uwale ta yi dariya. "Kai Jimrau, ji tsoron Allah. Ɗiyata, duk masu sugan nan sai sun biyo nan. Wa zai iya yunwa har azahar?"

Ramla ta zana wani akwati a takardarta, a wajen katangar gidan likita. Jimrau ya miƙe.

"Goge shi! Sunana za ki kai wa majo."

"Babu sunan kowa, Baba. Duba ka gani."

Ya duba, amma tun da bai iya boko ba, hankalinsa bai kwanta ba. Ya koma gida da tabbacin majo, babban malamin jinya na wurin, zai hana shi magani. Wata na gaba ya ƙi zuwa. Na bayansa Dela ta ce ko ya je, ko ta kira ƙannensa su ɗauke shi a amalanke.

Da ya je sai ya ga an ware wa masu suga da hawan jini safiyarsu, ba ranar kasuwa ba. Jini aka fara ɗiba kafin komai, takardunsa na jiransa a kan tebur. Majo ya dubi sakamakon ya girgiza kai.

"Malam Jimrau, ashe furar Uwale muke aunawa duk wannan lokaci. Ita ke ɗaga sugan, har maganin ya yi maka yawa. Za mu rage maka shi."

"Wa ya faɗa maka ni ne?"

"Kai ka faɗa yanzu. Zanen cewa ya yi mutane na fita, bai ce wane ba."

Jimrau ya karɓi maganinsa ya fito, rana ko zafi ba ta yi ba. A gida ya ce wa Dela ba banza aka sallame shi da wuri ba, ko dai na'urar awon jinin aka sauya, ko akwai abin da zai biyo baya. Rawar hannun ta daina, ya koma cikin dabbobi da ƙarfinsa, yana shan ƙwayar yadda aka ce. Amma wani wata da za a sake awo, sai da ya sa majo ya fara gwada na'urar a kan yatsansa yana kallo, sannan ya miƙa nasa.