Baba Yahya, Direban da Ba Ya Kallon Wasanmu

Da motar kwaleji ta tsaya a bakin fili, 'yan wasa suka dire da ihu, sai Baba Yahya ya zagaya tayoyi, ya leƙa ruwan lagireto, ya shimfiɗa tabarma a inuwar motar ya rufe fuska da hula. Shekara da shekaru yana kai ƙungiyar ƙwallonmu Sakkwato, Zariya, har Maraɗi, bai taɓa kallon wasa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ku ku gaji, ni in huta. Ɗiyan mutane na ɗauko, ni zan mayar."

Ni ne malamin wasanni, na kuma tabbatar bai yi asarar komai ba.

Ya san wanda tafiya ke sa wa amai, a gaba yake zaunar da shi, da lemun tsami a hannu. In an lallasa mu, shi ke fara ba da labarin wata tsohuwar lallasa da ta fi wannan muni, har sai wani ya yi dariya. Dokarsa ɗaya ce: magariba ba ta riskarsa da yara a hanyar Jibiya. Duk mai ɗa a garin nan ya san dalili: masu tare hanya da dare.

Tafiyarsa ta ƙarshe kafin ritaya, Maraɗi muka je wasan kofi. Abin mamaki, aka tashi canjaras, sai bugun fenareti. Muna shiri sai ga Baba a tsakiyar fili da tabarma a hammata, yana duban rana.

"Malam, rana ta yi ƙasa. Ga jandarma, ga kwastan, duk suna gabanmu."

Rabe kyaftin ya ce, "Haba Baba, kofi fa!"

"Kofi uwarka ta aiko ni in kai mata? Biyar-biyar zan jira. In an wuce haka, ku bar masu abinsu."

Yaranmu, da yake masu biyayya ne, suka zubar da uku a jere. Muka tsallaka iyaka da sauran haske. Sai da muka shiga Jibiya Baba ya dubi madubi ya ce, "Ashe wanga abu ne kuke ta kuka a kai? Ragar fa ba ta motsi, Rabe." Har mai tsaron gida sai da ya tuntsire da dariya.

Baba Yahya, kai ne direban marasa sa'a, mai tuƙa su kamar zakaru. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka. Masu karɓar sitiyari bayanka, ku koyi duban rana irin nasa. Kabad ɗin kofunanmu har yau tsofaffin takalma ne a ciki, amma babu uwar da ta taɓa zuwa ƙofar kwaleji tana tambayar ina ɗanta.