Garin Tsiron Hajiya Asabe

A gidanmu na Kafanchan, murhu a tsakar gida yake, jikin katangar da ta raba mu da gidan Hajiya Asabe. Idan an sauke tuwo, Kaka ba ta bari a kashe wuta. Takan jawo 'yar kujerarta, ta miƙe ƙafafu wajen garwashi, mu kuma mu zagaye ta. Daga wani ƙauye kusa da Nok Baba ya ɗauko ta, Hausarta kuma ta kasuwa ce, mace ma "ya tafi" take ce mata. Amma in ta fara tatsuniya, babu mai tunawa ya yi mata gyara.

Hajiya Asabe kunun zaƙi take sayarwa a tashar jirgi. A da, suna aiko mana da naman Sallah, mu kai musu shinkafar Kirsimeti. Bayan rikicin da aka yi a garin a 1987, gaisuwa ta koma ta nesa. A zumuntar mata ta cocinmu aka fara raɗe-raɗi cewa a daina sayen abincinsu, wai ana zuba wani abu a ciki. Daga baya na ji cewa su ma haka ake faɗa musu game da namu.

A cikin wannan hali ƙanena Bulus ya tashi daga ƙyanda. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Koko mai kauri ba ya wuce masa maƙogwaro, in kuma aka tsinka shi da ruwa, sai cikinsa ya cika ba tare da ya ci komai ba. Wata yamma Hajiya ta leƙo ta saman katanga, ta miƙo ƙullin leda.

"Maman Bulus, garin tsiro ne. Ki dama koko da kauri, ki bari ya ɗan huce, ki barbaɗa kaɗan. Zai sha."

Mama ta karɓa, ta yi godiya da baki. Da Hajiya ta sauka, sai Mama ta gwada a ƙaramin kwano. Muna kallo kokon da cokali ke tsayawa a ciki ya saki, ya zama ruwa. Mama ta ture kwanon.

"Abin da ya narkar da koko haka, me zai yi wa hanjin yaro?"

"Tsiro ne," in ji Kaka. "Da shi muke burkutu tun ba a haife ki ba."

"Na san tsiro, Kaka. Abin da aka haɗa masa ne ban sani ba."

Sai bayan an ci tuwo, Kaka ta tona garwashi, ta buɗe tatsuniya da cewa, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mama na gefe, Bulus a cinyarta.

Wai a wata shekarar yunwa, akwai wata baƙuwa da ke zaune a bakin gari da jikokinta. Ruwa ya shiga rumbunta, 'yar dawar da ta rage ta yi tsiro. Ba ta da wata, sai ta shanya, ta niƙa, tana zubawa a kunu. Kunun ya riƙa sakin jiki yana zaƙi ba zuma, jikokinta suna sha suna wasa, 'ya'yan gari kuwa suna kwance. Mutane suka ce ai ƙarfin 'ya'yansu take ɗebewa tana zubawa a tukunyarta. Ta ce a'a, ga garin, kowa ya ɗiba. Dattawa suka sa aka zuba shi a tukunya tana tafasa a gaban jama'a. Kunu ya yi kirtif, ko motsi bai yi ba. Suka ce to ga shi, asirin a hannunta yake, ba a gari ba. Aka kore ta.

Mace ɗaya mai ɗa a kwance ta bi ta a ɓoye har bakin rafi. Baƙuwar ta ce mata, "Tsiro da rai yake. Wuta kashe shi take. Ki jira sai yatsanki ya iya zama a cikin kunun." Matar ta koma ta yi haka, ɗanta ya tashi.

"Sai aka je aka dawo da baƙuwar?" na tambaya.

"Ina! Sai aka ce matar ma mayya ce." Kaka ta karkaɗe zaninta. "Ta ƙare a nan, wanda bai ƙoshi ba ya nemi tasa."

Ban ji daɗin ƙarshen ba. Mama ma ba ta ji ba, amma dalilinta daban. Ta ce, "Kaka, wannan tatsuniya ce. Ɗana ba tatsuniya ba ne." Ta tashi ta shige ɗaki.

Da safe muka tarar Kaka ta riga kowa hura wuta. Ta dama koko, ta bari ya huce, ta kwance ledar Hajiya ta zuba fiye da abin da aka ce. Ta jira Mama ta fito, sannan ta kafa kai ta shanye kwano guda a gabanta. Ta goge baki, ta ɗauki tsintsiya.

Ranar Mama ba ta je kasuwa ba. Duk inda Kaka ta nufa idonta na biye. Kaka ta yi tari, Mama ta miƙe. Kaka ta kishingiɗa da rana kamar kullum, Mama ta aike ni in duba ko tana numfashi. Sai da rana ta yi sanyi Mama ta dama wani kokon da hannunta, ta barbaɗa garin, ta ɗanɗana, ta yi addu'a a kansa, ta kai bakin Bulus. Ya sha cokali ɗaya, ya buɗe baki da kansa. Kafin damina ta yi nisa yana bin kaji da gudu.

Zan so in ce Mama ta shiga gidan Hajiya ta yi godiya, amma ba ta shiga ba. Ta aike ni da sabulu, ta kuma jiƙa dawa ta fara yin nata tsiron. Bayan wasu shekaru, da aka sake tashin hankali a yankin, su Hajiya suka kwashe kaya suka koma Zariya.

A sakandare malamin kimiyya ya ba abin suna, enzayim. Ya ce idan ƙwaya ta jiƙa za ta tsiro, wani abu yakan farka a cikinta ya riƙa yayyanka sitaci yana mai da shi sukari, don ɗan tsiron ya sami ƙarfin fitowa. Irinsa na cikin yawunmu, kuma tafasa tana kashe shi. Da na zo hutu na kwashe duka na faɗa wa Kaka, ina murna. Na ce ashe ta san babu komai a garin tsiron Hajiya.

Ta ce, "Ina na sani? Ni ma na ji abin da ake faɗa a coci. Daren nan ban yi barci ba."

"To me ya sa kika sha?"

"Ni na ci nawa tuwon duniya. Shi bai fara ba."

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar don Mama aka yi ta, a nuna mata zargi ba shi da kyau. Yanzu da nake da 'ya'ya, na daina ganin laifin Mama. Ni ma da zan ture kwanon. Ina jin Kaka da kanta take magana a gaban murhun nan, tana lallashin zuciyarta ta bi baƙuwa zuwa bakin rafi, alhali tsoron Hajiya Asabe bai bar ta ba ko da kwanon na bakinta.