Zuwa Baure da Fatar Baba

Dutsi

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na fito da ƙunshi a hammata. Fata ce ja, zagayayya, mai zanen furanni da zobba a baki. Baba ya saye ta a hannun wani Baturke a Makka, kuma a kanta yake cin abinci da mu 'ya'yansa maza har ya rasu. Ni kuma, don iyayi, na rataye ta a bango, wai girmamawa. Shekara tara tana nan, ta bushe ta tsattsage. Inna ta ce kada in dawo mata sai da ita a gyare.

Daura

Bakwai saura motar da na shiga ta iso, bayan 'yan hisba sun tsayar da mu sun mayar da mata kujerar baya. Na sha koko da ƙosai a tasha, na shiga neman dukawa. Uku na nuna wa, kowa ya juya ta ya girgiza kai. Na ukun ya ce, "Sai dai Malam Ilu na Baure, in idonsa na gani."

Baure

Mota ba ta cika ba sai sha ɗaya. Ta Zango muka bi, muka sauka da azahar. Malam Ilu tsoho ne siriri, na same shi a zaurensa. Ya shinshina fatar, ya lanƙwasa gefenta, ya karye kamar busasshen ganye.

"Wa ya rataye ta?"

"Ni ne, Malam."

"To kai ka kashe ta. Fata mai take sha. Maiƙon hannunku ne ke riƙe da ita, ka hana ta."

Kunya ta kama ni. Tsakiyar kaɗai ta tsira, inda akushi ke zama. Ya yanke gefen duka, ya mayar da zobban, ya shafe ta da man shanu. A zaurensa na kwana, na ci tuwon gero da miyar kuka.

Gida

Washegari da la'asar na iso. Inna ta shimfiɗa fatar, ta auna da taƙi. Na ce, "Inna, da mutum takwas take ɗauka, yanzu da ƙyar uku."

Ta daɗe tana shafa ta. "Ku nawa kuka rage a gidan? Kira ƙannenka, a kai muku tuwo."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Ilu. Mu uku muka zauna, ta ishe mu.