Ƙofar da Ta San Fuskar Baba

Yayanmu mai zanen gine-gine ne. Tun yana yaro ba ya son abu a karkace, ko tabarma ya gani ta goce sai ya daidaita ta da ƙafa. Shi ya sa muke ce masa Rula.

Da aka ɗauke shi aikin sabuwar unguwa, wadda fitilunta ke kunna kansu, ƙofofinta kuma ke buɗewa in sun ga fuskar mai gida, bakinsa har kunne. A zanen farko kowane bene da alamarsa a saman ƙofa, wannan rana, wancan reshe, na kusa da shi kifi. Rula ne ya miƙe a taro ya ce a goge. Wai kwalliyar banza ce, waya za ta kai kowa gidansa. Aka tafa masa, aka sa a dokar unguwa cewa ba mai taɓa fuskar gini.

Sai ya ɗauko Baba daga tsohon gida ya ba shi ɗaki a hawan ƙasa, don ya huta. Baba kuwa mantuwa ta fara kama shi, wayar ma kullum a aljihun wata rigar yake barin ta. In ya fita shan iska ya dawo, sai ya tarar da benaye iri ɗaya sak kamar ƙwai a kwando. Haka zai bi su yana miƙa wa gilashin kowace ƙofa fuska har ɗaya ta buɗe. Wata rana masu gadi suka kira Yaya, wai an ga wani tsoho a kyamara yana gwada ƙofofin mutane.

Yaya ya roƙi a bar shi ya shafa ko ɗan jan fenti a ƙofar benen Baba. Aka karanta masa dokarsa. Na so in ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma da na ga idonsa sai na haɗiye. Tausayi ya ba ni.

Tun ranar Baba bai sake fita ba. Kullum Yaya ya tashi aiki sai ya biya, ya durƙusa gabansa.

"Baba, tashi mu zaga, ni zan dawo da kai."

"Bar shi, ɗan nan," in ji Baba. "Aikinka ya yi kyau, ƙofar ta san fuskata. Ni ne ban san tata ba, kuma ba na so a sake kiranka a ce ubanka ɓarawo ne."