Hannun Yaya Gwamma a Kwanon Baƙi

Takalmi ne ya fara haɗa ni da Yaya Gwamma. Ban daɗe da fita takaba ba na koma Islamiyyar matan aure ta unguwarmu a Gwarzo. Wata rana da aka tashi sai na tarar silifa ɗina ya tsinke. Ina tsaye ina jujjuya shi, ta ja hannuna zuwa gidanta da ke jikin makarantar, ta ɗauko mini wani sabo fil. Ta ce ƙafafunta sun kumbura sun fi ƙarfinsa, gara ya taka ƙasa da ya yi ta kwana a ƙarƙashin gado. Ba ta bari na gama godiya ba.

Matar Alhaji Zailani ce mai sayar da hatsi, amma asalinta 'yar Masanawa ce ta ƙasar Kabo. Duk macen da ta taso daga can, ko jinya ta kawo ta asibiti ko ta'aziyya, a gidanta take sauka. A wajenmu ajiye wa baƙuwa kwano ake yi a ba ta wuri. Yaya Gwamma ta lura tun tana amarya cewa matan garinsu in an bar su da kwano, loma kaɗan suke yi su rufe saboda kunya, su koma gida da yunwa. Sai ta riƙa wanke hannu ta zauna da su. Tana ci tana hira, ba ta cire hannu sai ta ga baƙuwa ta ƙoshi. In baƙi sun zo kashi uku a yini, duk da ita za a ci.

Jiki kuwa ya yi ta ƙaruwa. Ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyi suka ƙi ɗaukarta, har salla ta koma yi a kan kujera. Ɗanta Mahbub ya kai ta wajen likita a Kano, daga can aka ce akwai aikin da ake yi a Abuja na rage tumbi, mutum ya riƙa ƙoshi da ɗan kaɗan. Ta daɗe tana juya maganar. Ta sa Alhaji ya tambayi Malam Hambali, limaminmu, ko wannan canza halittar Allah ne. Malam ya ce tunda magani ake nema ba ado ba, babu laifi, ta yi istihara.

Ni ta gaya wa abin da yake damunta. Ba wuƙar take tsoro ba. Likita ya ce bayan aiki abin da za ta iya ci a zama ɗaya ba zai cika ludayi ba, kuma haka za ta ƙare rayuwarta.

"To in na cire hannu, Sabuwa, wa zai ci?" in ji ta.

Na ce mata lafiya ce gaba. Ta ce haka ne. Bayan babbar salla aka tafi da ita.

Ta dawo lafiya. Da farko romo da kunu mai ruwa-ruwa take kurɓa da ƙaramin cokali, daga baya ta kai ga ɗan tuwo mai laushi. Kafin damina ta zagayo, zannuwanta sun koma zagaye ta sau biyu, ta ajiye kujerar salla, har kasuwa take zuwa da ƙafarta. Alhaji yana yi mata tsiya wai an canza masa mata a Abuja, zai je ya karɓo tasa. Ita kuma ta ce ya je, amma ya tafi da babbar mota.

Wajen baƙi ne abin ya ƙi daidaituwa. Shekarar ce aka janye tallafin man fetur, hatsi ya yi tsada, matan ƙauye suna zuwa a rame. Za ta zauna da su kamar da, ta yi loma biyu, cikinta ya ce ya isa. Tana janye hannu baƙuwa za ta janye nata, ta ce alhamdu lillahi. Ta gwada yi musu bayanin aikin, sai abin ya ƙara lalacewa, don ba mai sakin jiki ta ci a gaban wadda take gani marar lafiya ce. Ta gwada fita ta ba su wuri, kwano ya riƙa dawowa kusan yadda aka kai shi.

Rannan Hajaratu, 'yar ƙanin mahaifinta, ta zo daga jinyar mijinta, tun safe ba ta karya ba. Yaya Gwamma ta dage ta yi ta tura tuwo don ta raka ta. Ba ta kai rabi ba ƙirjinta ya riƙe, ta tashi da ƙyar ta yi bayan ɗaki tana amai. Hajaratu ta rufe kwanon tana ba da haƙuri kamar ita ta yi laifi. Daga baya labari ya dawo mana cewa a Masanawa ana faɗin tsadar abinci ta taɓa gidan Alhaji, Gwamma ta rame, har lomar baƙo take ƙirgawa. Wasu suka fara sauka a wani gidan.

Maganar mutane ba ta dame ta ba kamar yadda Hajaratu ta koma asibiti da yunwa. Washegarin zuwan Hajaratu da hantsi ta tako har ɗakina, abin da a da ba za ta iya ba. Muka gaisa, ta tambayi yara. Ta san ni ba mai yawan ci ba ce, ba kuma mai hira ba.

"Sabuwa, alfarma na zo nema. Duk ranar da na yi baƙi zan aiko miki. Ki zo ki wanke hannu ki zauna a wurina. Hirar ni zan yi, ke dai kada ki cire hannu sai sun ƙoshi."